Maɓallin Kore

Zuwa ga angona Ɗan Waya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci kamar mutum ba kamar tsuntsu ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta rantse ba za ta ƙara hawa tudun asibiti ba ko da kuɗi ake rabawa a can. Kakanka Kafinta ya ce in gaishe ka, sannan ya ce in goge, wai shi ba ya gaida mai neman ƙwace masa mata. Ban goge ba, da biro nake rubutu.

Tun da ka tafi ka bar mana akwatin nan mai maɓalli biyu, gidan nan bai huta ba. Ka ce tunda waya ba ta kamawa a kwarinmu, akwatin zai riƙa yi wa ƙarfen da ke kan rufin asibiti raɗa, ƙarfen kuma ya kai maka labari har cikin wayarka. Kore, muna lafiya. Ja, ka bar abin da kake yi ka taho. Ka ce a danna kore sau ɗaya kowace safiya. Ni na ji. Kakanka ne bai ji ba.

Da farko ya ce robar akwatin ta yi muni, ba za ta zauna a ɗakin kafinta tsirara ba. Ya fito da kayan aikinsa da ya ajiye tun bara, ya yi mata gida na katako har da ɗan rufi, ya kafe a bango kusa da taga, daidai inda hannunsa zai kai daga kujera. Yanzu yana dannawa da safe. Yana dannawa bayan ya sha shayi. In yaro ya wuce da irin tafiyarka ta agwagwa, ya danna. In na yi masa faɗa, ya danna, wai ƙarata yake kaiwa. 'Yar fitilar da ke jikin akwatin ta ƙifta, shi kuma ya jijjiga kai ya ce, “Ya ji.”

To ga sakamako: batirin da ka ce zai shekara, ko wata biyu bai yi ba. Mun sa wani, shi ma ya bi sahu. Mai kanti har ta fara yi mini murmushin da ba na so.

Ina da tambaya kuma, tunda an ce kai ne mai ilimin gidan. Me ya sa maɓalli biyu kawai? Ina na “gwiwa tana ciwo amma ba na mutuwa ba”? Ina na “kakanka ya cika surutu, zo ka ɗauke shi”? Tsakanin lafiya lau da taho yanzu ai nan mutane suke rayuwa. Wasiƙunka ma sun koma kamar akwatin. Ta ƙarshe kafin in gyara tabarau na gama karanta ta.

Direban motar kaya zai kai wannan gidan waya idan ya shiga gari. Ka ba da amsa mai tsawo, ko in koma wa tsohona gaba ɗaya.

Kakarka, amaryar da ka yi wa rowar takarda.

*

Zuwa ga Kaka, amaryata,

Na sami wasiƙarki, na yi dariya har abokin aikina ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ina lafiya, ina cin abinci. A gaida Baba Kafinta, a ce masa ina sane da shi, wayata ba ta yini ba ta yi ƙara ba.

Kin ce in yi tsawo, to ga tsawo. Aikinmu a nan ƙananan na'urori ne da ake maƙalawa a tankunan ruwa da bututu, a wuraren da mutum zai shekara bai leƙa ba. Su auna ruwa, su faɗa wa wata babbar na'ura. Abin da ke cinye musu batir ba tunani ba ne, magana ce. Duk lokacin da na'ura ta buɗe baki, batir ya ragu. Saboda haka rigimar ofishinmu yanzu ita ce da wane irin harshe za su riƙa magana.

Wasu suna so na'ura ta rubuta komai dalla-dalla: sunana kaza, zurfin ruwa kaza, ƙarfin batir kaza. Wannan yana da daɗin karantawa ga mutum, in an sami matsala nan da nan a gano, amma yana cin baiti fiye da ɗari. Baiti kamar gurbin harafi ɗaya ne a takarda. Ni kuwa na ce a yi yarjejeniya tun farko: gurbi na ɗaya lambar na'ura, na biyu zurfin ruwa, na uku batir, na huɗu wata 'yar lamba da ke nuna saƙon bai lalace a hanya ba. Baiti huɗu, an gama. Kamar yadda kike ɗaga wa mai kanti yatsu biyu daga bakin ƙofa, ta san sabulu kike nufi ba ashana ba. Sharaɗin kawai shi ne mai faɗa da mai ji su riƙe yarjejeniya ɗaya. Ni aka ba in gabatar da wannan gaban manyanmu bayan damina. In an karɓa, aikina ya tabbata.

Maganar maɓalli na uku, baiti ɗaya zai iya ɗaukar maɓallai fiye da ɗari biyu. Amma ki yi tunanin Baba da maɓalli ɗari biyu.

Batun batir kuma na yi maganinsa. A cikin kwalin da ke tare da wannan wasiƙa akwai ɗan allo kore mai ƙafafu. A ba mai gyaran rediyo ya cire na ciki ya sa wannan. Na koya wa akwatin kada ya maimaita abin da ya riga ya faɗa. Fitilar za ta ci gaba da ƙiftawa duk lokacin da aka danna, don kada Baba ya ji haushi.

Ki shafa man da na bar miki a gwiwar.

Angonki.

*

Zuwa ga Ɗan Waya,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, gwiwa ta ɗan sassauta, ba don manka ba, don na daina sauraronta.

Na karanta wa kakanka wasiƙar sau biyu. Wurin baiti huɗu ya yi barci, wurin mai kanti ya farka. Ya ce a gaya maka shi ma a zamaninsa ƙusa uku yake sa wa kujerar da wasu ke sa wa goma, kuma har yau ana zaune a kansu. Ka ga inda ka gado rowa.

Mai gyaran rediyo ya zo ya sa allon, ya sha shayinmu kofi biyu a kan aikin da bai kai tsawon atishawa ba. Akwatin da ba ya maimaita magana. Da ka san wannan dabarar tun tuni, ai da kakanka ka fara sa wa, da na huta da labarin ranar da ya ɗauki katakon rufi shi kaɗai.

Na yi masa bayani yadda na fahimta: daga yanzu na safe ne kawai ke isa gare ka kowace rana, sauran na yini duk a banza yake wahalar da yatsansa. Ya kalli akwatin kamar an ce ɗansa ya yi sata. Sai ya miƙa hannu ya danna a gabana. Na ce ai na gaya maka ba ya zuwa. Ya ce ina ruwana, shi da jikansa ne.

Kwanakin nan yana ɗan haki in ya yi tafiya daga ɗaki zuwa rumfa, ƙafafunsa kuma sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ma'aikaciyar jinya ta sauko ta ba shi ƙwayoyi, ta hana shi gishiri. Ya ce ni na haɗa baki da ita. Ya fara yi maka wata 'yar kujera ta zama gaban na'ura, wai ya ji an ce masu irin aikinku bayansu ke fara mutuwa. Ƙafa uku ya yi, ta huɗu tana jira.

Kada ka damu. Ka yi ta ƙirga baitinka.

Kakarka.

*

Jikana,

Ina fatan kana lafiya. Ban sami amsar waccan ba, ban kuma san ranar da wannan za ta tafi ba, don ruwa ya cinye gadar da ke kan hanyar gari, direba bai shigo ba tun lokacin. Amma zan rubuta, in ba haka ba bango zan yi wa magana.

Kakanka yana kwance. Ba ya iya kwanciya sosai ma, a jingine yake kwana da matasai uku a bayansa, don numfashi. Ma'aikaciyar jinya ta ja ni waje ta ce zuciyar ce ta gaji, in akwai wanda ya kamata ya gan shi, a gaya masa.

Na shigo na nufi akwatin. Yana ganin inda hannuna ya dosa ya kira sunana, irin kiran da bai taɓa yi mini ba tun da aka kawo ni gidan nan. Ya ce kada in taɓa ja. Na ce to in aiki mai gyaran rediyo ya hau tudu ya buga maka waya. Ya ce in na yi haka bai yafe ba. Ga abin da ya faɗa, na rubuta maka yadda yake:

“Yaron nan yana da aikin da zai kai gaban manyansa. In na kira shi, dole ce ta kawo shi, in aikin ya lalace kuma ni na lalata. Mu daina danna kore kawai. In ya ga safiya ta wuce babu mu, zai gane. In ya zo, shi ya kawo kansa.”

To mun daina. Safiya ta farko ya sa na yi masa aski. Ta biyu ya sa na juya gadon ya fuskanci ƙofa. Duk babur ɗin da ya wuce sai ya ɗaga kai. Yanzu an fi mako, ya daina ɗaga kai, kunne kawai yake kasawa, yana tsammanin ban lura ba. Hannunsa yakan tafi wajen bango da kansa, kamar yadda ya saba, sai ya tuna ya dawo da shi ƙarƙashin bargo.

Jiya ya ce mini yaran yanzu aiki ya yi musu yawa, ba laifinsu ba ne. Da ya zage ka da na fi jin daɗi.

Ɗan Waya, kai ne ka kwana a bayana bayan rasuwar mahaifiyarka, shi ne ya riƙa yawo da kai a kafaɗa har ka yi shiru. Na san ba ka manta ba. To me kake kallo a wayar taka? Ba ka ga ba mu zo ba?

Kakarka.

*

Zuwa ga Kaka,

A gafarce ni da jinkiri, aiki ne ya sha kaina. Ina lafiya. Na san ku ma kuna lafiya, don duk safiya kafin in wanke fuska sai na duba wayata, kullum kore nake gani, sai hankalina ya kwanta. A gaida Baba da ƙafa, ya bi maganar ma'aikaciyar jinya, ya bar gishiri.

Albishir: mun gwada tsarina a kan tankuna ashirin, batirinsu ko motsi bai yi ba. Har na ba su labarin akwatinku, yadda tun da aka sa sabon allo bai ƙara ɓata ko baiti ɗaya ba. Shugabanmu ya ce dabara ce mai kyau. Gabatarwa ta kusa. Da na gama zan ɗauki hutu in zo in karɓi kujerata, a ce wa Baba ina so in tarar da ƙafa huɗu.

A gaggauce,
Angonki.

*

Jikana,

Ina fatan ka isa lafiya. Ni ina nan, masu zuwa gaisuwa sun ragu, gidan ya yi faɗi.

Kwanakin da ka yi a nan ba mu yi magana ba. Ka iso ka tarar an riga an kai shi, ka je kabarin ka dawo, ka zauna a kujerarsa gaban akwatin nan kamar an dasa ka. In na kawo abinci ka ce ka ƙoshi. Ni ma in na buɗe baki sai in ji babu komai a ciki. Na san yanzu ka koma ka tarar da wasiƙar nan tawa mai zafi tana jiranka a ƙarƙashin ƙofa, don direban da ya kawo taka shi ya tafi da ita. Da zan iya bin motarsa da gudu da na karɓo ta. Saboda haka ka saurari abin da ya faru, tunda ba ka tambaya ba.

Ranar da aka gyara gada, direba ya kawo wasiƙarka da hantsi. Kakanka ya ce in karanta. Na ce idona yana ciwo, don ina tsoron abin da ke ciki. Ya ce ƙarya nake, shekara nawa yana zaune da ni. Na karanta. Da na zo wurin “kullum kore nake gani”, sai na tsaya. Ya ce in maimaita. Na maimaita.

Ni ce na fara ganewa, ka rubuta wannan a takardunka, 'yar aji huɗu ta riga kafinta. Na ce masa, Malam, akwatin nan tun ranar da aka sa masa sabon allo bai ƙara cewa komai ba. Kore ya faɗa sau ɗaya, ya kama bakinsa, yana jiran ja. Mu muna nan muna yi wa yaro shiru don ya ji, shi kuma a wurinsa shiru shi ne lafiya.

Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, na tsorata, na ɗauka numfashin ne. Ashe dariya yake, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, “Ashe bai sani ba.” Ya faɗa ya fi sau nawa. Sannan ya ce a ba shi shayi, ya sha rabin kofi, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Ya ce wannan yaro ɗan banza ne, ƙusa ɗaya ya sa wa kujera. Ya faɗa yana alfahari, na san muryar.

Ban nemi izininsa ba na tashi na danna ja. Ya kalle ni bai hana ba. Fitila ta ƙifta, ya ce, “Wannan kam ya ji.” Ka ji kuwa, don an ce ko jaka ba ka ɗauka ba. Hanya ce ta yi nisa. Washegari bayan rana ta ɗaga ya tafi, fuskarsa tana kallon ƙofa, amma ba irin kallon makon da ya wuce ba. Kallon wanda ya san ana tafe ne.

Abin da nake so ka riƙe ke nan. Bai tafi yana zaton ka ƙi shi ba. Ni ce na yi wannan zaton, har na rubuta, shi bai taɓa furtawa ba.

Ka ci abinci.

Kakarka.

*

Kaka,

Na karanta duka biyun. Na kuma ciro waccan da kika rubuta cewa na safe ne kawai ke isowa. A mota na karanta ta lokacin, na yi dariyar ƙusa uku, na ninke na sa aljihu. Ga kuskuren nan a rubuce da hannunki, layi guda ya isa in gyara, ban gani ba. Ni da na ce miki sharaɗin shi ne mai faɗa da mai ji su riƙe yarjejeniya ɗaya.

An ɗaga mini gabatarwar, na yi ta jiya. Na canza tsarin. Kowace na'ura dole ta yi magana lokaci-lokaci ko da babu sabon labari, ta ce ina nan. Muna kiran wannan bugun zuciya. In lokaci ya wuce ba a ji ta ba, allon kwamfutarmu ya daina nuna tsohon labarinta, ya nuna ba a sani ba. Na ƙara gurbi na biyar mai faɗin yaushe aka auna. Wani ya ce hakan zai rage wa batir kusan shekara. Na ce na sani. An karɓa. Ban ji komai ba.

Abin da ke hana ni sukuni ba makon nan da kuka daina dannawa ba ne kaɗai. Duk dannawar da ya yi tun da aka sa allon, bayan shayi, da in yaro ya wuce, ni na sa akwatin ya zubar da su, na kuma bar masa fitila tana ƙifta masa.

Ki dawo wurina, Kaka. Akwai ɗaki. In ba za ki zo ba, zan aiko da sabon akwati gaba ɗaya, mai maɓalli ko nawa kike so.

Jikanki.

*

Zuwa ga angona Ɗan Waya,

Gaisuwa. Ina lafiya, gwiwa tana gaishe ka.

Ba zan zo ba. Ka ce ɗakinka a hawa na uku yake, so kake a riƙa jawo ni da igiya kamar guga? Kuma wa zai kula da rumfar, da kujerarka mai ƙafa uku? Na jingina ta da bango, tana tsayawa in ba a zauna ba. Na hana kowa ya ƙarasa ta. In ka zo hutu, kayan aikinsa suna nan, ka koyi abin da ake yi da hannu ko sau ɗaya.

Maganar fitila, ka bar ta. Na gaya masa tun farko na rana ba sa zuwa, ya sani, ya ci gaba da dannawa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana ba ni labari ɗaya ina barci, kana tsammanin sai an ji yake magana?

Sabon akwati kuma ba na so. Jiya ina goge ƙura na sa yatsana a kan koren, sai na ji ya lotsa a tsakiya, daidai faɗin babban yatsansa, robar ta yi santsi kamar cikin cokali. Jan kuwa sabo fil, sau ɗaya aka taɓa shi. Wannan maɓallin ba zai bar bangon nan ba.

Abin da za ka yi shi ne ka aiko mini da allo irin na farko, mara wayon nan, wanda in an danna sau goma zai faɗa sau goma. Ka sa masa bugun zuciyar taka in kana so, ban hana ba. Batir kuma ka riƙa saye, kai ne maigidan yanzu, ka nema ka samu, babu mai takara da kai.

In ka ga wayarka tana ta ƙara da rana tsaka kana gaban manyanka, kada ka ce akwatin ya lalace. Ni ce. Na gaji kujerar, hannuna kuma yana kaiwa.

Kakarka.